Furen da ba ya jiran azahar

A arewa maso gabashin tsibirin Madagaska, daga wajen watan Oktoba har zuwa ƙarshen shekara, mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Sambava da Antalaha da Andapa ba sa bari rana ta riga su gona. Da assalatu suke barin gida, maza da mata, kowa riƙe da ɗan tsinken gora ko ƙayar lemo. Gonar tasu ba irin tamu ba ce. Babu kunyoyi, babu fili fetal; inuwa ce da danshi da ruɓaɓɓen ganye, ga wata shuka mai kaurin ganye ta ɗare bishiyoyi tana reto. Abin da ya raba su da barci wani fure ne mai launin kore da ɗorawa-ɗorawa, wanda ke buɗewa da sanyin safiya, da rana ta take ya fara yaushi. Yini guda ne rabonsa a duniya. In hannun mutum bai iske shi a safiyar nan ba, ya bushe ya faɗi, ɗan da zai haifa kuma an yi asararsa ke nan.

Wannan shuka ita ce banila. Ko ba ka taɓa ganinta ba, ka san ƙamshinta. Shi ne ke tashi in an buɗe kek ɗin biki, shi ne a cikin askirim da yogot da biskit, shi ne fulebon da uwargida ke ɗigawa a kwaɓin cincin. Masana tsirrai suna kiranta Vanilla planifolia, kuma 'yar gidan okid ce, dangin furanni masu nau'i sama da dubu ashirin da biyar, waɗanda akasarinsu don ado ake kiwonsu. A cikin wannan babban gida, banila ce ta fita zakka: ita ce ake nomawa gona-gona don a sa ɗanta a abinci. A kasuwar kayan ƙamshi ta duniya, in ka ɗebe za'afaran, babu mai tsadarta.

Na ɗauko labarinta ne domin ku, masu cin guminku. Manomi da lebura, maƙeri da majemi, mai daddawa da mai ƙuli-ƙuli, tela da magini, duk wanda ke tashi kafin gari ya waye ya koma gida da faso a ƙafa da kanta a tafin hannu. Ban san wata shuka da ke shelanta darajar hannun ɗan'adam kamar wannan ba.

Asalinta dazukan ruwa ne na Meziko da Amurka ta Tsakiya, inda kan bishiyoyi ke haɗewa sama har rana ba ta isa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Ba bishiya ba ce, yaɗo take yi kamar duma, amma sama take nufa. A kowace gaɓa tana fitar da ganye ɗaya mai kauri da sheƙi, da saiwa ɗaya fara wadda take kama jikin itace da ita. Wanda ya gan ta manne da bishiya zai ce ai kauci ce. Ba kauci ba ce. Kauci yana huda itace ya sha ruwan jikinsa. Banila jingina kawai take yi, abincinta daga ruɓaɓɓen ganyen da ke gindinta take samu, da danshin iska. In an ƙyale ta tana iya haura kamu ashirin zuwa ƙololuwar bishiya tana neman haske. Mutanen Totonak na yankin Papantla, a jihar Veracruz ta yau, sun daɗe da saninta tun kafin Turawa su san akwai wannan nahiya, kuma sarakunan Aztek suna sa ta a abin shansu na koko. Daga nan Sifaniyawa suka kai ta Turai a ƙarni na 16.

Sai dai Turawan sun gamu da abin da ya gagare su kusan shekara ɗari uku. Sun yanki shukar sun kai lambunansu da tsibiran da suka mallaka, ta kama, ta yi yaɗo, ta yi fure gwanin kyau, amma ko ɗa ɗaya ba ta yi. Dalilin yana cikin furen ne. Namiji da mace duk suna wuri guda, a kan wani ɗan ginshiƙi a tsakiyarsa, amma tsakaninsu akwai wani ɗan marfi siriri da ya yi musu shamaki. Garin namijin ba ya iya isa wurin macen sai an ɗaga marfin. A mahaifarta akwai irin ƙudan zuman daji da kan yi wannan aiki jefi-jefi. A sauran duniya babu su. Wani masani ɗan Beljiyam mai suna Charles Morren ya yi nasarar haɗa furen da hannu a ɗakin rainon tsirrai na birnin Liège wajen 1836, amma dabararsa ba ta zama abin da manomi zai ɗauka ya shiga gona da shi ba.

Wanda ya kwance ƙullin yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, baƙar fata, bawa, maraya. Sunansa Edmond. An haife shi a 1829 a Sainte-Suzanne, a tsibirin da ake kira Burbon a lokacin, Reyuniyon a yau, can cikin Tekun Indiya gabas da Madagaska. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa. Ba a sa shi makaranta ba. Abin da ya samu shi ne bin ubangidansa, Ferréol Bellier-Beaumont, cikin lambu, yana kallo yana lura. A 1841 ya ɗauki ɗan tsinke, ya tsaga leɓen furen, ya ɗaga marfin nan ya tura shi sama, sannan ya sa babban yatsa ya danna namijin a kan macen. Shi ke nan. Abin bai fi ƙiftawar ido ba. Furen ya kama, ɗa ya fito.

Ku tsaya ku dubi wannan da kyau. Manyan lambunan sarakunan Turai, da littattafansu, da masanansu, duk suna nan. Amma hanyar da ta yi aiki a gona daga hannun yaron da doka ta lissafa cikin dukiyar wani ta fito. Ubangidan ya riƙa kai shi gonakin maƙwabta yana koya wa sauran bayi, cikin 'yan shekaru tsibirin ya fara fitar da banila zuwa Faransa, kafin ƙarnin ya ƙare kuma noman ya tsallaka Madagaska da Komoros. Har yau, a Madagaska da Indunusiya da Yuganda da ma Meziko kanta, da wannan motsin yatsa na Edmond ake haɗa kusan kowane furen banila da ke zama ɗa. Masu jin Faransanci a can suna ce wa aikin aure, matan da suka gwanance a kansa kuma masu ɗaurin aure. Wanda ya taɓa ganin yadda mai dabino ke hawa ya sa garin namiji a kan furen mace ya san irin wannan aiki, sai dai na banila fure ɗaya-ɗaya ake bi. Gwanar mace takan haɗa dubu ko fiye kafin rana ta yi tsaka.

Ba zan ɓoye muku ƙarshen Edmond ba, don ƙarfafa gwiwar da aka gina a kan ƙarya ba ta daɗewa. An 'yanta bayin tsibirin a 1848, aka ba shi sunan Albius. Bai samu ko taƙi daga arzikin da ya buɗe wa wasu ba. Ya yi aikatau a gidan wani a birnin Saint-Denis, aka tuhume shi da sata aka ɗaure shi. Wani masanin tsirrai Bature ya tashi ya ce ai shi ne ya koya wa yaron dabarar; tsohon ubangidan ne ya rubuta ya ƙaryata shi, ya tsaya a kan cewa aikin na Edmond ne. Edmond ya rasu a 1880 cikin talauci. An zalunce shi, zalunci bayyananne. Amma sunan wanda ya so ƙwace masa aikin sai an tona littafi ake tunawa da shi, shi kuwa Edmond, kowace safiyar da fure ya buɗe, dubban hannaye ne ke maimaita abin da hannunsa ya fara.

Yanzu mu shiga gonar mu ga abin da ake nufi in an ce haƙuri. Ba iri ake shukawa ba. Jikinta ake yanka, kamar yadda muke yi da rogo ko rake, a samu yanki mai tsawon kamu biyu ko kusa da haka. A cire ganyen ƙasa, a kwantar da gaɓoɓi biyu ko uku a saman ƙasa a lulluɓe da ruɓaɓɓen ganye, a ɗaure sauran a jikin itacen da zai goya ta. Ba a binne ta da zurfi, domin saiwarta a sama-sama take kiwo, kuma ruwa in ya kwanta a gindinta ruɓewa take yi. Shi ya sa suke son gangare. Itacen goyon tun da wuri ake dasa shi, kuma cikin waɗanda aka fi amfani da su akwai wanda muka sani sarai, cini-da-zugu, wanda muke shinge da shi. Inuwar ma da lissafi take: in ta yi yawa shukar ba ta fure, ga cutar ruɓa, in ta yi kaɗan rana ta ƙone ganyen. Kamar rabi inuwa rabi haske ake nema, don haka manomi kullum yana cikin sassabe rassan sama, yana ragewa da damina, yana bari da rani.

Ga kuma wata hikima. Tunda in an bar ta za ta haye inda hannu ba ya kaiwa, sai manomi ya riƙa sauko da kan yaɗon a hankali, ya rataya shi a reshe daidai tsayin mutum, ya mayar da shi ƙasa ya taɓa taki ya yi sabuwar saiwa, sannan ya sake hawa. Zagaye bayan zagaye haka. Wannan lanƙwasawa tana ƙara mata ƙarfi, tana kuma ajiye furen inda yatsa zai same shi. Jikin banila yana da gautsi, in aka yi gaggawa sai ya karye. Aiki ne na mai sanyin hannu.

Shekara uku ake yi ana wannan hidima kafin a ga furen farko. Shekara uku ana sharar gindi da hannu don kada fartanya ta sare saiwa, ana ɗauri, ana zuba ganye, ba a ga ko sisi ba. Tana son zafi mai danshi da ruwan sama mai yawa, amma sai ta ɗan ɗanɗani rani na wata biyu ko makamancin haka kafin ta yarda ta yi fure. In furen ya zo, a gungu yake zuwa, gungu ɗaya ya kai goma sha biyar ko ashirin, amma ba sa buɗewa tare. Yau ɗaya, gobe ɗaya. Ke nan wata biyu zuwa uku babu ranar hutu, kowace safiya sai an zagaya kowace shuka. Kuma gwani ba ya haɗa duk furen da ya gani. Yana zaɓen na ƙasan gungun don ɗan ya sauko a miƙe, ya bar saura, domin shukar da aka ɗora wa 'ya'ya fiye da ƙarfinta takan rame ta mutu. Kwaɗayin bana yana iya cinye amfanin baɗi da na baɗin-waccan.

Bayan aure sai goyon ciki, kuma kusan wata tara ne. Ɗan yana fitowa kamar dogon koren wake, ya kai taƙi ɗaya, cike da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe fiye da a ƙirga. Ana jira sai bakinsa ya fara ɗorawa kafin a tsinka. Abin mamaki, a ranar da aka tsinke shi ba shi da ƙamshin komai. Ka sansana, ganye kawai za ka ji. Ƙamshin yana ɗaure a ciki, sai aiki ya kwance shi.

Mai daddawa za ta gane wannan tun kafin in gama faɗa, ita da ta san kalwa ba ta zama daddawa sai an dafa, an rufe, an bar ta ta kwana. Ana zuba koren banila a kwando a tsoma cikin ruwan zafi, wanda bai kai ga tafasa ba, wajen digiri 60 zuwa 65, na minti biyu ko uku. A tsamo da zafinsa a nannaɗe cikin barguna a rufe a akwati ya yi gumi kwana ɗaya ko biyu, ya fito ya koma ruwan ƙasa. Daga nan kullum a shanya a rana na 'yan sa'o'i, a naɗe da ɗuminsa a mayar ɗaki, gobe a sake, har mako biyu ko fiye. Sai shanyar inuwa a kan tanka na wata ɗaya ko biyu. Sai a jera a akwati a rufe na wasu watanni, ana buɗewa ana dubawa ana sansanawa, ana fitar da wanda ya fara fumfuna kafin ya ɓata 'yan'uwansa. Mata suna bin kowane ɗa da yatsu suna murzawa suna miƙar da shi, suna ware su bisa tsayi da laushi, su ɗaure dami-dami. Kilo biyar zuwa shida na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya na busasshe, baƙi mai maiƙo, wanda za ka naɗe a yatsa bai karye ba. In ka lissafa daga ranar aure zuwa ranar da ya shiga jirgi, an haura shekara. Babu matakin da inji ya karɓe wa mutum a duk wannan tafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

To, me manomin yake samu? A nan ne zuciya ke ƙuna. Madagaska ce ke fitar da mafi yawan banilar da duniya ke ci, amma tana cikin ƙasashen da suka fi talauci. Farashin kuwa kamar lilo yake. A watan Maris na 2017 guguwar Enawo ta faɗa wa yankin tsakanin Sambava da Antalaha, ta kayar da itatuwan goyo ta yayyaga shuke-shuke. Kaya suka yi ƙaranci, kilo ɗaya na busasshiyar banila ya kai wajen dala 600, har ya zarce azurfa. Kuɗi ya shigo, ɓarayi suka biyo shi. Manoma suka koma kwana a gona da adda, cikin sauro da ruwan sama, suna gadin abin da suka yi wata tara suna jira. Wasu suna huda tambarinsu da allura a jikin kowane ɗa tun yana kore, yadda makiyayi ke yi wa dabbarsa shaida. Wasu tsoro ya sa suka tsinke tun bai nuna ba, ingancin ya faɗi. Bayan 'yan shekaru farashin ya rikito ƙasa warwas. Ga dillalai da 'yan kwamisho a tsakani, ga kuma na kwalba: tun 1874 masana a Jamus suka gano yadda ake haɗa sinadarin ƙamshin a masana'anta, kuma mafi yawan fulebon da ke kantunanmu irin wannan ne, bai taɓa ganin gona ba.

Duk da haka ba su ajiye tsinken ba. Guguwa ta wuce, suka tada itatuwan da suka kwanta, suka yanki abin da ya tsira suka sake dasawa, sun kuma san sarai shekara uku ce a gabansu. Masu sayen da suka san abu har yau na gonar suke nema, domin na masana'anta sinadari ɗaya ne, na hannu kuwa ɗaruruwan ƙamshi ne suka haɗu a ɗa guda, rana da bargo da watanni suka dafa su. Shekara ɗari da hamsin ke nan ana kwaikwayonsa, ba a kai shi ba. Manoma da dama kuma sun gane cewa wanda ya sayar da ɗanye a bakin gona shi ne ke cin wahala wani ya ci riba, don ɗanyen ba ya ajiyuwa, dole ka karɓi abin da aka taya. Shi ya sa suke haɗuwa ƙungiya-ƙungiya, su yi gadi tare, su tsoma su shanya da kansu, su riƙe kayansu har ciniki ya yi.

Kada wani ya ji wannan ya ce zai dasa banila a Katsina ko Maraɗi. Hunturunmu zai busar da ita cikin kwanaki. 'Yar kurmi ce, danginta na daji ma a kurmin kudancin Najeriya da Kamaru suke. Abin da nake so mu ɗauko daga gonar nan ba shukar ba ce.

Kai mai noman rani da ke tashi cikin sanyin asuba ka ba tumatir ruwa, kana da taka safiyar da ba ta jira. Ke mai suyar ƙuli, kin san daƙiƙar da in aka ƙara ta gyaɗa ta ƙone. Marini ya san ranar da baba ta nuna a karofi, majemi ya san fata ta sha bagaruwa ta ƙoshi da taɓawa kawai, maƙeri yana karanta launin ƙarfe a wuta yadda malami ke karanta allo. Wannan ilimi ne. Ba a rubuta shi a takardar shaida ba, amma da shi ake ci da sha a kowane gida, har gidan wanda ke kallonku a raine. In an ce muku aikinku na marasa karatu ne, ku tuna yaron da bai san baƙi ba ya koya wa duniya abin da ya gagari masu karatu. In shekara ta juya muku baya, fari ko ambaliya ko faɗuwar kasuwa, ku tuna masu tada itace bayan guguwa.

Amma kada ku tsaya a haƙuri kaɗai, don Edmond ya yi haƙuri wasu suka kwashe. Ku ƙware har ya zama ba a iya yi sai da ku. Ku daina sakin kayanku ɗanye in da halin ku sarrafa. Ku haɗa kai da abokan sana'arku, ku san farashin kasuwar gaba kafin dillali ya buɗe baki, ku sa shaidarku a kan abin da kuka yi. Yaron da ke tsaye a bayanku yana kallo, ku ja shi kusa ku nuna masa, in kuma ya zo da dabarar da ta fi taku, ku faɗi sunansa a gaban jama'a.

Gobe in Allah ya kai mu, sa'ad da ladan ke kiran assalatu a unguwarku, rana ta riga ta fito a Antalaha, in lokacin fure ne wata mata tana tsaye a gindin cini-da-zugu da ƙayar lemo a hannu, ta haɗa fure ɗari uku ko huɗu. Ɗan'uwa, ka yi sallarka, ka ɗauki kayan aikinka, ka fita da kai a sama. Allah ya sa albarka a guminku.